Idan ciwon kai ya sauko wa mutum kamar tsawa, ga abin da za ku yi

Goggona tana alwalar la'asar a tsakar gida nan Gombe, ta wanke fuska kenan sai ta saki buta ta kama ƙeya da hannu biyu tana cewa wayyo an maka min taɓarya. Babu wanda ya taɓa ta. Ta yi amai, wuyanta ya sanƙare, hasken rana ma ba ta son gani. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sanƙarau, aka ruga kemis aka sayo maganin ciwon kai, sai da muka kwana biyu kafin a yi mata hoton kai, likita ya ce jijiyar jini ce ta fashe a ƙwaƙwalwarta. Allah ya yi da sauran kwana, amma wallahi kwana biyun nan har yau suna min ciwo.

Abin da ke jawo irin wannan fashewar, wanda likitoci ke kira aniyurizim, wuri ne a jikin jijiyar jini da ya yi rauni ya kumbura kamar tayar keke da ta yi ƙari. Kusan mutum 3 cikin 100 na manya suna yawo da shi ba su sani ba, kuma yawanci ba ya fashewa har ƙarshen rayuwa. Amma in ya fashe kam jini ne ke malala a kewayen ƙwaƙwalwa.

To ya za ka gane? Ciwon kan da muka saba yana zuwa ne sannu a hankali, wannan kuwa cikin minti ɗaya ya kai maƙura, mutum zai ce tunda aka haife shi bai taɓa jin irinsa ba. Yana iya haɗuwa da amai, sanƙarewar wuya, gani bibbiyu, fatar ido ɗaya ta sauko ta rufe, jijjiga ko suma. Ko ya lafa bayan awa ɗaya kar ku ce an samu sauƙi, wani lokacin ɗan jini ne ya tsattsafo, babban yana tafe.

Ku duba agogo ku riƙe lokacin da abin ya fara, likita zai tambaya. Dan Allah kar a ba shi asfirin ko diklofenak ko ibufurofen, suna hana jini daskarewa. In ya suma a kwantar da shi ta gefe saboda amai, kar a ɗura masa ruwa ko rubutu ko zuma a baki, zai shaƙe. Addu'a a yi ta a cikin mota. Ku wuce babban asibiti kai tsaye, a Gombe asibitin koyarwa na tarayya, a Bauchi asibitin koyarwa na Abubakar Tafawa Balewa, in akwai wanda kuka sani a can ya tambaya muku ko injin hoton kai yana aiki kafin ku iso.

Da kun isa ku faɗa wa likita da bakinku: ciwon ya zo ne farat ɗaya. Wannan maganar ce ke sa a nemi siti sikan, wato hoton kai, kuma hoton ya fi kama jinin in an yi shi cikin awa 6 na farko. In hoto bai nuna komai ba ana iya ɗiban ruwa ta gadon baya, mutanenmu na tsoron allurar nan sosai amma ku yarda, ita ke tona abin da hoto ya ɓoye. Sai kuma hoton jijiyoyi da ake saka ruwan magani a jini don a ga inda kumburin yake.

Gyaran iri biyu ne. Ko a buɗe ƙoƙon kai a maƙale wuyan kumburin da ɗan ƙaramin ƙarfe, aikin da Walter Dandy ya fara a Amurka a 1937, ko a zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi ko ta hannu har zuwa kai a cusa lallausar wayar filatinam ta cike wurin. Na biyun ba kowane asibiti ke yi ba, in an ce za a tura ku wani gari kar ku tsaya shawara har sati, haɗarin sake fashewa ya fi yawa a ranar farko.

Bayan aiki ma ba a gama ba. Daga kwana 3 zuwa 14 bayan fashewar, jijiyoyin kai kan tsuke, shi ya sa ake ba da maganin nimodifin duk awa 4 har kwana 21, har da tsakar dare. Ni na riƙa saita waya tana tashina ƙarfe biyu in ba Goggo. Mai jinya ya sa ido, in baki ya karkace ko hannu ya mutu ko magana ta rikice ko barci ya yi nauyi, a kira nas nan take.

Mu da muke lafiya kuma, hawan jini da taba sigari su ne manyan masu raunana jijiyar. A riƙa awo, mai shan maganin hawan jini kar ya daina don ya ji garau. In mutum biyu cikin iyaye ko 'yan uwa na jini sun taɓa samun aniyurizim, ku gaya wa likita ya duba ko kuna buƙatar hoto tun kafin wani abu ya faru.