Yadda Ake Zagaya Tsofaffin Garuruwan Italiya Ba Tare Da An Ci Ka Tara Ba

Maganar biza da tikitin jirgin sama ba zan taɓa ta ba, wanda ya kai ga tambayar yadda zai zagaya Italiya ai ya riga ya wuce nan. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, duk baƙon da ya zo mana daga gida kuskure ɗaya yake yi. Mutum zai sauka da kwana 6 a hannu amma ya jero maka Roma da Milan da Benis da Pisa da Napoli a takarda, sai ka ce ɗan aike. Ƙarshenta ya koma gida da hotunan tashar jirgi da kumburarriyar ƙafa.

Mataki na farko: ka yanke garuruwan nan. Kwana 6 ko 7, wurin kwana biyu kacal, Roma da Firenze. Firenze ɗin ita ce wadda Turawan Ingila ke ce wa Florence, kuma gara ka saba da sunan tun yanzu don shi za ka gani a allon tasha. Daga can ne za ka riƙa fita da safe zuwa ƙananan garuruwan Toskana, wato yankin da Firenze take, ka dawo da dare. Benis ka bar ta sai wata tafiyar, ba inda za ta je. Jaka kuma ƙarama, ta goyo in da hali, domin titunan nan duwatsu ne aka jera tun zamanin kakanni, akwati mai taya yana hawa kai zai fara kuka, wani ma tayar ta cire.

Mataki na biyu: tikitin shiga wurare, ka saya ta intanet tun kana gida. Koloseyum, tsohon filin wasan nan na Roma, wanda aka buɗe a shekara ta 80 miladiyya, yanzu da sunanka ake buga tikitinsa, sai ka riƙe fasfo a jiki kuma ka rubuta sunan daidai yadda yake a ciki. Hawa kubbar babbar majami'ar Firenze, wadda magini Brunelleschi ya kammala a 1436, sai da lokacin da aka ba ka, matakala 463 ce kuma babu lif, in kana da ciwon gwiwa ka haƙura ka kalle ta daga ƙasa, kyanta bai ragu ba. Gidan tarihi na Uffizi da ke Firenze a rufe yake ran Litinin, na ga waɗanda suka ware Litinin ɗin musamman dominsa. Sannan akwai garaɓasar Lahadin farko na kowane wata da ake shiga gidajen tarihin gwamnati kyauta, ni dai ba na zuwa, layin da za ka bi ya fi kuɗin tsada.

Mataki na uku, kuma nan ne zan daɗe don nan aka kayar da ni: jirgin ƙasa da mota.

Jiragen iri biyu ne. Akwai masu gudu irin su Frecciarossa da Italo, su ne za su ɗauke ka daga Termini, babbar tashar Roma, zuwa Firenze cikin kamar awa ɗaya da rabi, tikitinsu da lambar kujera da lokaci, ka shiga ka zauna kawai. In ka saya da wuri ya fi araha sosai, ranar tafiya kuwa za ka ji a jikinka. Sai kuma ƙananan jirage masu tsaye-tsaye da ake kira rejonale, su ke shiga ƙananan garuruwa. To waɗannan in tikitin takarda ka yanka a tasha, bai zama tikiti ba sai ka zura shi cikin wani ɗan inji da ke manne a bango kusa da inda ake hawa, ya yi ƙara ya buga masa kwanan wata da lokaci. Wanda ka saya a waya shi daban ne, ba ruwansa da inji.

Ni ban san wannan ba zuwana na farko. Na yanki tikitina na Siyena, ɗaya daga cikin garuruwan Toskana, na sa a aljihu, na samu kujera gefen taga ina kallon gonakin inabi da zaitun hankalina kwance. Mun ɗan yi nisa sai ga mai duba tikiti, ya karɓa ya juya shi gaba da baya, ya ɗago ya kalle ni ta saman tabarau, ya nuna min gefen takardar da yatsa inda ya kamata a ga tambari, fari fat. Na ce masa yanzun nan na saya, ga rasit ma. Ya gyaɗa kai ya yarda, amma yana yarda yana rubutu. Wata tsohuwa da ke gabana da kwandon cefane ta girgiza kai cike da tausayi, ta ciro nata ta nuna min layin baƙin tawadar da injin ya buga. Tarar da na biya ta ninka kuɗin tikitin sau da yawa, kuma laifina ne, hujjarsu ita ce tikitin da ba a buga ba kana iya sake hawa da shi. Tun daga ranar duk wanda na raka tasha sai na tsaya na ji ƙarar injin nan da kunnena kafin na tafi. In ka tarar injin ya lalace, kana shiga ka nemi ma'aikacin jirgin da kanka ka faɗa masa, kada ka jira shi ya same ka.

Wani abin kuma, sunan tasha. Firenze tana da tashoshi fiye da ɗaya, wadda kake so ita ce Santa Maria Novella, a allo za ka ga S.M.N. Kada ka ga an rubuta Firenze Rifredi ka yi zumbur ka sauka.

Kuma gaskiya zuwa Siyena ma bai kamata ka hau jirgi ba, bas ya fi. Garuruwan nan a kan tudu aka gina su saboda tsaro, jirgi kuwa a gindin tudu yake ajiye ka, sai ka bi matakala masu tafiya da kansu kala-kala kafin ka kai sama. Bas mai lamba 131R daga tashar da ke gefen S.M.N. zai kai ka har bakin tsohon gari cikin awa ɗaya da 'yan mintuna. San Jiminyano, a rubuce San Gimignano, ba ta da tashar jirgi sam, sai ka sauka Poggibonsi ka kama bas. Kana sauka, kafin ka ɗauki hoto ko ɗaya, ka duba lokacin motar ƙarshe ta komawa ka ɗauki hoton allon da waya. Ran Lahadi motocin raguwa suke sosai. Hayar mota kuwa ban ba ka shawara ba, tsakiyar garuruwan nan akwai allo mai jan zobe an rubuta ZTL, wato wurin da aka taƙaita shigar motoci, kyamara ce ke gadi, ka shiga ba izini takardar tara za ta bi ka bayan watanni ka manta ma ka je.

Mataki na huɗu: in ka isa, ka rage sauri. A Siyena ka fara da dandalin Kampo, wanda aka shimfiɗa da jan bulo ya gangara kamar faranti, nan ake tseren dawakin Paliyo ran 2 ga Yuli da 16 ga Agusta, unguwa da unguwa ke karawa kowa da tutarsa. Ka zauna a ƙasa yadda kowa ke yi. Daga nan ka je babbar majami'a mai ratsin fari da baƙi, a gefenta za ka ga wani ƙaton bango tsaye shi kaɗai ba rufi. Faɗaɗa ginin suka fara, sai annobar 1348 ta shigo ta kwashe mutanen garin, aikin ya tsaya ke nan har yau. Ana hawa saman bangon, ni a wurina ya fi hasumiyar dandalin daɗin kallo. Annobar nan ce kuma ta durƙusar da San Jiminyano, garin da attajirai ke gasar gina dogayen hasumiyoyi don nuna isa, an ce sun kai 72, yanzu 14 suka rage. Talaucin da ya biyo baya ne ya hana a rushe a yi sabon gini, shi ya sa kake ganin garin yadda yake. Ka je da sassafe ko bayan la'asar, da rana motocin 'yan yawon buɗe ido sun cika shi maƙil. In da sauran kwana ka leƙa Lukka, ganuwarta na nan cif kusan kilomita 4, har keke ake tuƙawa a kanta, duk Bakanon da ya gani sai ya tuna badala ya yi shiru.

Sauran a gurguje. Majami'u ba sa barin gajeren wando ko kafaɗa a buɗe, mu wannan ba matsalarmu ba ce. Abinci ka haddace "senza mayale", wato ban da alade, kuma ka kula da prosciutto da pancetta da guanciale, har da strutto, kitsen alade ne da ake sawa a wani burodin. Shagunan kebab na halal suna da yawa kewayen Termini. Kofi a tsaye ake sha, in ka zauna kuɗi ya ƙaru, kuma coperto da za ka gani a takardar biya kuɗin zama ne, ba cuta ba ce. Ruwa kada ka saya a Roma, famfunan titi na gudu dare da rana, ka riƙe gora kawai. In Juma'a ta same ka a can, babban masallacin Roma da aka buɗe a 1995 yana arewacin gari wajen Parioli, ka fita da wuri don da ɗan nisa daga tsakiya.