Yadda ake zaɓen turare mai ƙamshin fure da 'ya'yan itace don amfanin yau da kullum

Turaren kullum ba a nemansa don ya cika ɗaki ko ya riga mai shi isa wuri. Abin da ake so shi ne ya zauna kusa da jiki, wanda ya matso ya ji sanyinsa, wanda ke nesa kuma kada a takura masa. A ganina, babu nau'in da ya kai haɗin fure da 'ya'yan itace iya wannan aiki, domin ɗan itacen yana ba turaren zaƙi da armashi, furen kuma yana tausasa shi ya ba shi natsuwa.

Kafin a saya, ya kamata a san cewa ƙamshin turare hawa uku ne. Wanda hanci ke fara ji da zarar an fesa shi ne na sama, kamar lemu, tuffa ko mangwaro, kuma shi ne ke saurin gushewa, galibi kafin rabin awa. Daga nan sai furen ya bayyana, yawanci wardi ko yasmin, ya yi 'yan sa'o'i, sannan a ƙarshe abin da zai rage a fata shi ne miski, vanila ko itacen sandal. A nan ne masu saye da yawa ke yin kuskure, su biya kuɗi saboda zaƙin feshin farko, alhali furen da miskin ne za su wuni tare da su.

Don haka a fara gwadawa a 'yar takardar gwaji, in ya yi daɗi sai a fesa sau ɗaya a wuyan hannu, a tafi a yi wani abu, a sake shinshinawa bayan rabin awa da kuma bayan awa uku. Abin da za a lura da shi musamman shi ne zaƙin: mai kyau yakan lafa ya ba furen wuri, maras kyau kuwa sai ya yi kauri ya riƙa hawa kai, musamman idan jiki ya ɗauki zafi. Kada a gwada fiye da uku a lokaci guda, domin hanci yana gajiya ya kasa bambancewa.

Kada kuma a guji turare don an ji cewa ƙamshin ɗan itacensa haɗi ne na sinadarai. Dangin lemu ne ake tatso mai daga ɓawonsu, shi ya sa idan aka matsa ɓawon lemu tsakanin yatsu za a ga ƙananan ɗigo suna fantsama. Tuffa da ire-irenta ba sa ba da irin wannan mai, sai dai a haɗa ƙamshinsu a ɗakin gwaji, kuma tun a 1919 kamfanin Guerlain na Faransa ya yi amfani da irin wannan sinadari a turarensa Mitsouko.

A duba rubutun jikin kwalba. Wanda aka rubuta wa eau de toilette yakan ƙunshi man ƙamshi kashi 5 zuwa 15 cikin 100, eau de parfum kuwa kimanin kashi 15 zuwa 20. Na farkon ya fi dacewa da wurin aiki da lokacin zafi, ko da yake ba ya daɗewa kamar na biyun.

Wajen amfani, a fesa bayan wanka, bayan an shafa mai maras ƙamshi, domin busasshiyar fata ba ta riƙe turare. Feshi biyu ko uku a wuya da wuyan hannu, daga tazarar kamar taƙi ɗaya, sun wadatar, kuma a bar shi ya bushe da kansa ba tare da gogawa ba. A yi hattara da farin tufafi da siliki saboda tabo. Idan an daina jin ƙamshin da rana, sau da yawa hanci ne ya saba da shi, na kusa suna jinsa sarai, don haka kada a yi gaggawar ƙarawa.

A ajiye kwalbar a rufe cikin kwalinta, a wuri mai sanyi da duhu, ba a banɗaki ko bakin taga ba, domin zafi da haske suna fara lalata ƙamshin lemun kafin komai, har ruwan ya yi duhu, warinsa ya yi tsami.