Kurakuran da ake yi wajen miƙa yaro ga manhajar koyarwa mai ƙirƙirarriyar basira

Tun da ChatGPT, manhajar da ake yi wa tambaya ta ba da amsa a rubuce, ya fito a watan Nuwamban 2022, manhajojin da ke alƙawarin koyar da kowane yaro daidai da fahimtarsa suka cika wayoyi. Manhajar tana yi wa yaro tambaya, ta duba amsarsa da lokacin da ya ɗauka, sannan ta zaɓar masa darasi na gaba. Abin yana da amfani, amma akwai wuraren da iyaye da malamai ke yawan yin tuntuɓe.

Babban kuskuren shi ne ɗaukar cewa manhajar ta san yaron, alhali abin da ta sani kawai shi ne abin da aka latsa. A gidaje da yawa waya ɗaya ce, ta mahaifiya, yara uku ke amfani da ita. Yaya ya amsa tambayoyi da safe, ƙanwa ta ɗauka da yamma, manhaja kuwa ta lissafa su a matsayin ɗalibi ɗaya. Ko kuma yaro yana fama da zazzaɓi, ko data ta yanke masa, ya faɗi gwajin farko, aka jefa shi cikin masu rauni. Daga nan sai ta dinga ba shi tambayoyi masu sauƙi, yana ci, kowa na murna, shi kuwa yana nan inda yake. Wannan ya fi damuna, domin ba ya barin wata alama. Gyaran shi ne kowane yaro ya samu asusunsa daban, malami kuma ya riƙa duba matakin da aka ajiye shi. Kafin makaranta ta biya kuɗi, ta tambaya ko malami zai iya canza matakin da hannunsa. In ba zai iya ba, a nemi wata. Ingila ta ɗanɗana illar fifita hukuncin inji a kan na malami a 2020, lokacin da aka bar wa lissafin kwamfuta fitar da sakamakon jarrabawar gama sakandare. Ya rage darajar kusan kashi 40 cikin 100 na sakamakon da malamai suka bayar, aka yi zanga-zanga, gwamnati ta janye shi cikin 'yan kwanaki.

Sai kuma ɗaukar makin cikin manhaja a matsayin shaidar karatu. A wata makarantar sakandare a Turkiyya, masu bincike daga Jami'ar Pennsylvania sun gwada ɗalibai kusan 1,000 a darasin lissafi. Waɗanda aka ba GPT-4, wani samfurin injin ChatGPT, ba tare da wani shinge ba sun yi fice a aikin gwaji, amma da aka karɓe shi ranar jarrabawa, sakamakonsu ya yi ƙasa da na waɗanda ba su taɓa amfani da shi ba da kashi 17 cikin 100. Da aka saita shi ya riƙa ba da haske kaɗan-kaɗan maimakon amsa, illar ta kusan ɓacewa. Don haka a zaɓi manhajar da ke sa yaro ya gwada tukuna, kuma duk mako a ba shi takarda da biro, a ajiye waya, ya yi aikin a gabanka.

Kada a hukunta ɗalibi da hujjar manhajar gano rubutun inji. Wani bincike na Jami'ar Stanford a 2023 ya nuna irin waɗannan manhajoji sun kira fiye da rabin rubutun waɗanda Turanci ba harshensu na gado ba ne aikin inji, kuma 'ya'yanmu cikin wannan rukuni suke. A kira yaron ya bayyana abin da ya rubuta da bakinsa. Haka nan aya ko hadisin da inji ya kawo, a kai wa malami ya duba, domin inji kan ƙirƙiro abin da babu shi.

Na ƙarshe, shigar da bayanan yara ba tare da tunani ba: cikakken suna, hoto, ranar haihuwa, har da rashin lafiyar da yaro ke fama da ita. A 2022 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta binciki manhajoji da shafukan karatu 164 da gwamnatocin ƙasashe 49 suka amince da su lokacin korona, ta gano kashi 89 cikin 100 suna bibiyar yara ko suna iya yin hakan, da yawansu kuma suna tura bayanan ga kamfanonin talla. A Najeriya, dokar kare bayanai ta 2023 ta wajabta neman izinin iyaye ko mariƙi kafin a sarrafa bayanan yaro, UNESCO kuma ta ba da shawarar kada ɗan ƙasa da shekara 13 ya yi amfani da irin ChatGPT. Malami ya yi rajista da lambar ɗalibi maimakon suna, ya bar hoto. Uba kuwa, a taron iyaye da malamai, ya nemi a nuna masa a rubuce wanda ke ganin bayanan ɗansa, da ranar da za a goge su idan yaron ya bar makarantar.