Yadda ake gina ƙarfin pomp kafin gwajin shiga soja

Da zarar sanarwar ɗaukan soja, jandarma ko gardi ta fito, hanyoyin Maradi sukan cika da samari masu gudu tun asuba, daga Zariya zuwa Ali Ɗan Sofo, wasu har bakin gulbi. Gudu kowa ya san a fara shi da wuri. Pomp kuwa, wato dafa ƙasa da hannu jiki a miƙe ana sauka ana tashi, abin da ake ce wa fush-of a tsallaken iyaka wajen Jibiya da Katsina, shi ake bari sai saura kwana goma, sannan a faɗa masa da ƙarfin tsiya safe da yamma. Ranar gwaji yaro ya zo da kafaɗa mai ciwo, ya yi 40 a lissafinsa, mai ƙirga ya ba shi 18. Ba mugunta aka yi masa ba. Sauran 22 ɗin ba su cika ba ne, kuma wanda bai cika ba ba ya shiga lissafi, ko a gwajin shiga ko a sansanin horo irin na Tondibiya kusa da Yamai.

Kafin komai, karanta sanarwar shekarar da kyau, domin kowace runduna da sharuɗɗanta. Don ka samu ma'aunin da za ka riƙa auna kanka da shi, ga na sojan ƙasa na Amurka a tsohon gwajinsu da suka fara a 1980: minti 2 ake bayarwa, namiji ɗan shekara 17 zuwa 21 sai ya yi 42 kafin ya ci, 71 ke ba shi cikakken maki, mace mai waɗannan shekaru kuma 19 ne mafi ƙaranci. Wanda ya iya 40 zuwa 50 masu tsabta cikin minti 2 ya shirya sosai. Saurayi mai lafiya da ke yin 12 ko 15 yau zai iya matsowa kusa da nan cikin wata 2 zuwa 3, in ya bi a hankali.

Gyara tsayuwa tukuna

Nemi ƙasa mai tauri kuma daidai: daɓen siminti, tsakar gida da aka share, ko tabarma a kan ƙasa busasshiya. Rairayin gulbi yana da kyau ga gudu, amma ba wurin pomp ba ne, domin tafin hannu yana nutsewa, wuyan hannu ya karkace.

Dafa ƙasa, tazarar hannuwanka ta ɗan fi faɗin kafaɗunka kaɗan. Ƴan yatsu su kalli gaba, a buɗe, kamar kana son damƙar ƙasar. Miƙe ƙafafu baya, ka tsaya a kan ƴan yatsun ƙafa. Yanzu ɗaure ciki kamar wanda ke jiran naushi, ka matse ɗuwawu. Daga ƙeya zuwa dunduniya jikin ya zama abu guda kamar taɓarya. In kana shakka, sa abokinka ya ɗora doguwar sanda a bayanka: ta taɓa ƙeya, ta taɓa tsakanin kafaɗu, ta taɓa ɗuwawu, kuma kada ta rabu da wuraren nan uku ko kana sauka ko kana tashi.

Gwiwar hannu ce inda aka fi yin kuskure. Kada ka buɗe ta gefe har ta yi daidai da kafaɗa kamar fukafukan ungulu. Ta koma baya kaɗan, rabin hanya tsakanin haƙarƙari da layin kafaɗa, ta yadda wanda ya leƙo ka daga sama zai ga siffar kan kibiya. Buɗe ta da yawa yana matse jijiyoyin da ke cikin gaɓar kafaɗa, kuma daga nan ne ciwon nan mai suka a gaban kafaɗa yake farawa.

Sauka har dantsenka ya kwanta daidai da ƙasa. Hanya mai sauƙi ta tabbatarwa ita ce abokinka ya ajiye dunƙulen hannunsa a ƙarƙashin ƙirjinka. In ba ka taɓa shi ba, kada ya ƙirga. In kai kaɗai ne, ƙaramin gwangwanin madara ya isa. Sannan tura ƙasa har hannu ya miƙe sarai. Shaƙi iska wajen sauka, fitar da ita wajen tashi. Masu riƙe numfashi su ne suke ganin duhu-duhu a na 15.

Auna kanka da gaskiya

Zaɓi safiyar da ka huta. Ɗumama jiki na minti 5: ɗan gudu a wuri ɗaya, juya kafaɗu gaba da baya sau 10, juya wuyan hannu, sannan pomp 5 a jikin bango. Ka yi iya abin da za ka iya ba tsayawa, aboki yana ƙirga masu kyau kaɗai. Da zarar ƙugu ya faɗi ko ƙirji ya daina kaiwa gwangwani, an rufe lissafi. Rubuta lambar a takarda. A kanta za a gina komai, don haka ƙarin da ka yi mata don kunyar ƴan fada kanka zai dawo.

Yana da kyau ka san nauyin da kake turawa. A pomp na sosai hannuwa suna ɗauke da kusan kashi biyu cikin uku na nauyin jiki. Mai kilo 60 yana tura wajen kilo 40 kowane tashi, ya fi jarka ɗaya da rabi ta lita 25 cike da ruwa. In ka sa gwiwa ƙasa, nauyin yana komawa kusan rabin jiki. In ka ɗora hannu a kan abu mai tsayi, yana ƙara raguwa. Shi ya sa wanda bai kai 5 ba bai kamata ya yi ta kokawa da ƙasa ba. Ya fara da dafa dakali ko benci mai ƙarfi wanda ya kai ƙugu, jiki a miƙe yadda aka faɗa. In ya iya 15 sau uku a nan, ya sauko zuwa abin da ya kai gwiwa, daga nan bulo ɗaya, daga nan ƙasa. Wannan ya fi durƙusawa a kan gwiwa, domin ciki da ɗuwawu suna koyon aikinsu tun ranar farko. Ƴan mata masu neman shiga, galibi ta nan za ku fara, kuma hanyar ɗaya ce har ƙarshe.

Tsarin sati takwas

Kwana 3 a sati, da kwana guda na hutu a tsakani: misali Asabar, Litinin da Laraba. Tsoka ba a lokacin aiki take ƙaruwa ba, sai lokacin da take gyara kanta, kuma tana bukatar wajen awa 48 bayan aiki mai nauyi.

Raba lambarka biyu. Wanda ya samu 12 zai yi 6, ya huta minti ɗaya da rabi, ya sake 6, har sau 5. Jimla 30 ke nan, duka masu tsabta, alhali da ya ce sai ya ƙure kansa kowane zagaye, da 12 zai yi, sai 7, sai 4, rabinsu a karkace. Zagayen farko zai yi maka sauƙi har ka ji kamar wasa kake. Bar shi haka. Jiki yana haddace abin da aka maimaita masa ne, in ka maimaita masa karkatacce, shi zai kawo maka ranar gwaji.

Sati na 2 ka mai da su bakwai-bakwai, sati na 3 takwas-takwas. In ranar ta zo ka kasa cika zagaye na biyar da kyau, kada ka ƙara a sati mai zuwa, maimaita lambar. Sati na 4 rage aikin zuwa zagaye 3, ka huta kwana biyu, ka sake gwaji irin na farko. Sabuwar lambar ita za ka raba biyu don sati na 5 zuwa na 7, sati na 8 kuma a sake ragewa a sake gwaji.

A ƙarshen kowane zama ƙara abu biyu. Na farko saukar sannu: daga sama ka sauka kana ƙirga ɗaya zuwa huɗu, ƙirji ya kai ƙasa, ka sa gwiwa ka tashi, ka sake, sau 5. Tsoka ta fi ƙarfi wajen riƙe nauyi yana sauka fiye da ɗaga shi, don haka ko ka gaji za ka iya wannan, kuma shi ne ke ƙarfafa wurin nan na can ƙasa inda mutane ke maƙalewa. Na biyu tsayuwa a kan gwiwar hannu da ƴan yatsun ƙafa, jiki a miƙe, daƙiƙa 30 sau 3, kana ƙara daƙiƙa 10 kowane sati har ka kai minti ɗaya da rabi. Mafi yawan masu faɗuwar ƙugu ba hannunsu ne ya gaza ba, cikinsu ne.

Kada ka manta da baya. Mai turawa kullum ba ja, kafaɗunsa sukan tanƙwaro gaba, ciwo ya biyo. Sami ƙarfen raga a filin ƙwallo ko reshen bedi mai kauri wanda ka tabbatar ba busasshe ba ne, ka ja jikinka sama zagaye 3, sau biyu a sati. Ƴan kokawa ba su cika fama da wannan ba, don su kullum cikin ja da riƙo suke.

In ka wuce 25, ƙara yawa kaɗai ba ya ciyar da mutum gaba da sauri. Rana ɗaya cikin ukun ka mai da ita ta nauyi: zuba yashi kilo 5 a leda, sa a jakar goyo, ɗaure ta ta zauna a tsakanin kafaɗu, ba a kan ƙugu ba, ka yi 8 zuwa 10 sau 4. Ko ka ɗora ƙafafu a kan dakali. Ko ka matso da hannuwa daidai faɗin ƙirji, wanda ke ɗora aikin a kan bayan dantse, tsokar da ta fi saurin gajiya idan an doshi ƙarshen lokaci.

Koyon minti biyu

In ya rage sati 3 ranar gwajin shiga, riƙa yin gwajin da agogon salula sau ɗaya a sati. Kada ka ƙone ƙarfinka duka a tashin farko. Mai iya 30 ba tsayawa ya tsaya a 22, ya huta a sama hannu a miƙe, numfashi uku, ya yi 8, ya huta, ya yi 5, sannan uku-uku har lokaci ya cika. Da haka yakan wuce 40. In ya tafi har 30 kai tsaye, hannun ya mutu, sauran lokacin kallon ƙasa zai yi. Saba da hutawa a sama, gwiwa ba ta taɓa ƙasa ba, hannu bai ɗaga ba, domin a tsarin Amurka na da ko ɗaya daga cikin biyun ya faru an rufe maka lissafi. Wajen sauka kada ka ɓata ƙarfi kana birki. Sauka da hanzari amma a riƙe, ka ajiye ƙarfin don tashi. Kwana 3 kafin ranar, bar aiki mai nauyi gaba ɗaya.

Zafi, abinci da alamun haɗari

A watan Afrilu da Mayu zafin Maradi yakan wuce digiri 40. Yi aikinka bayan sallar asuba ko gab da magariba, ka sha ruwa kafin ka fara. Daɓen da ya sha rana yana ƙona tafin hannu har ya yi bororo. Lokacin hunturu kuma ƙara ɗumama jiki zuwa minti 10. Da azumi, mayar da zaman bayan buɗa-baki da awa ɗaya ko biyu. In zazzaɓin cizon sauro ya kama ka, a nemi magani a huta. Bayan ka warke ka dawo da rabin abin da ka bari.

Ba sai ka sayi garin gina jiki na gwangwani mai tsada ba. Busasshen wake da gyaɗa kowanne yana da fiye da giram 20 na sinadarin gina jiki a cikin giram 100, ƙwai ɗaya wajen giram 6. Shinkafa da wake, awara, ƙuli-ƙuli a kan kwaɗon zogale, fura da nono mai kauri, ƙwai biyu in da hali: a samu ɗaya daga cikinsu a kowane cin abinci. Barci awa 7 zuwa 8. Hirar fada da shayi har ƙarfe biyun dare tana cinye ribar aikin safe.

Tsamin jiki kwana ɗaya ko biyu bayan aiki ba komai ba ne. Ciwo mai suka a cikin gaɓa daban ne: tsaya, duba inda gwiwar hannunka take kallo, koma kan dakali na sati ɗaya. In wuyan hannu ne, gwada yi a kan dunƙule bisa tabarma mai kauri, domin a haka gaɓar tana miƙe.

Tramol da ire-irensa, don Allah a yi nesa da su. Ba sa ƙara wa tsoka komai, ɓoye ciwo kawai suke yi har mutum ya yaga abin da da hutun kwana uku zai gyara, ga jaraba, ga farfaɗiya da yawan shansa ke jawowa.

Akwai kuma alamar da kowane mai horo ya kamata ya sani, musamman masu gasar ɗari-ɗari a rana ɗaya ba tare da sabo ba. In dantse ya kumbura ya yi tauri har ba ka iya miƙe shi ko lanƙwasa shi, fitsari kuma ya koma baƙi-baƙi kamar shayin farko, tsoka ce ta farfashe, abin da ke cikinta ya shiga jini, kuma yana iya toshe ƙoda. Wannan ba na jira zuwa gobe ba ne, ba kuma na mai maganin bakin kasuwa ba. A sha ruwa, a tafi asibiti a ranar, a gaya wa likita irin aikin da aka yi da yawansa.