Yadda za ka je kallon kifin wel a Hermanus ba tare da ka yi asarar kuɗinka ba

Abu na farko dai shi ne lokaci, don idan ka kuskure wata to sai dai ka kalli ruwa ka dawo. Hermanus ƙaramin gari ne a bakin teku a Afirka ta Kudu, wajen kilomita 120 daga Cape Town, kuma kifayen wel ɗin da ake zuwa kallo, wato waɗannan manya-manyan dabbobin teku, ba mazauna wurin ba ne, baƙi ne. Suna tasowa daga ruwan sanyi na can wajen Antatika inda suke kiwo, su shigo gaɓar Walker Bay, mashigin tekun da garin ke bakinsa, don barbara da haihuwa, daga wajen Yuni har zuwa Nuwamba. Satumba da Oktoba su ne gangariya. Wanda ya je a Janairu ko Fabrairu wai don lokacin ne ake zafi a can, to ya yi wa kansa.

Ka tuna yanayinsu kishiyar namu ne, Yuni zuwa Agusta hunturu ne a can, ga sanyi ga ruwan sama ga iska, ko a Satumba ma iskar bakin teku ba ta wasa. Ka tafi da rigar sanyi mai kauri da hula, mata a samu mayafin da za a iya ɗaure shi sosai don iska za ta yi ta fizgarsa. Mai fasfo ɗin Najeriya sai da biza, a nema da wuri, kuma kar a manta katin rigakafin shawara.

Daga Cape Town hanya biyu ce. Akwai N2 sannan ka karya ka hau R43, awa ɗaya da rabi zuwa biyu ka isa. Akwai kuma R44 mai bin gefen teku ta Gordon's Bay da Betty's Bay da Kleinmond, ta fi nisa amma wallahi ta fi daɗin ido, dutse a hagu teku a dama. Idan motar haya za ka ɗauka ka tuka da kanka ka sani hannun hagu suke bi, in ba ka saba ba gara ka bi motocin masu kai 'yan yawon buɗe ido. Abincin halal kuwa a Cape Town yake birjik, musamman unguwar Bo-Kaap, ka yi guzuri daga can, a Hermanus kuma ka riƙe kifi.

To ga shawarar da na fi so a ji: kar ka sauka a garin ka ruga sayen tikitin jirgin ruwa. Abin da ya sa Hermanus ta yi suna shi ne daga tudu ma ana ganinsu, kyauta, ko sisi ba za ka biya ba. Akwai hanyar ƙafa da ta bi saman duwatsun gaɓa wajen kilomita 12, ga bencina an jera, ka fara daga Gearing's Point kusa da tsohuwar tashar jiragen ruwa ka samu wuri ka zauna. Zama fa, ba leƙe ba. Yawancin masu cewa ba su ga komai ba minti biyar suka tsaya suna danna waya suka wuce.

Ga abin da za ka nema da ido. Nau'in da ya fi zuwa nan, wanda Turawa ke kira southern right whale, ba shi da ƙaya a gadon baya, don haka daga nesa sai ka ɗauka wani baƙin dutse ne ruwa ke wankewa, sai ka ga dutsen ya motsa. Numfashinsa ne ke tona shi, domin duk da muna ce masa kifi iska yake shaƙa kuma uwar shayar da ɗanta take yi, idan ya fesar da numfashi feshin rabuwa yake yi gida biyu kamar harafin V, wani lokacin ma kunnenka ne zai fara jin fuuu ɗin kafin idonka ya kai. A kansa akwai wasu farare-fararen kirci masu kaushi, kowane da irin zanensa, da su masu bincike ke gane wannan daga wancan. Babba yana kai mita 15, tsawon tirela ke nan, nauyi kuma tan 40 zuwa sama. Idan ka ga babba ɗaya ya lafe kusa da gaɓa ka ƙara duba gefensa, sau da yawa uwa ce da ɗanta yana ta shafar jikinta yana nutsewa yana ɓullowa. Wani ya ɗaga jela sama ya bar ta a tsaye, wani ya riƙa maka ta a ruwa, wani ya leƙo da kai kawai. In Allah ya ba ka sa'a ɗaya ya yi tsalle ya fito ya faɗo, kar ka ɗauke ido daga wurin, galibi yana maimaitawa.

Garin na da mai shela na musamman tun 1992, yana yawo da ƙaho na busasshiyar ciyawar teku yana busawa idan an hango su. Ka ji busa ka nufi wurinsa ka tambaya, aikinsa ke nan. Za ka ga rema da yawa a kan duwatsun sun saba da mutane, kar ka ba su abinci, suna cizo.

Sai batun jirgi. Idan ka ƙoshi da kallon tudu kuma aljihu da nauyi to ka shiga, daga sabuwar tasha suke tashi, tafiyar kamar awa biyu ce. Ka tabbatar kamfanin na da lasisin gwamnati, don doka ta hana jirgin da ba shi da izini matsawa ƙasa da mita 300, masu izini ne ke kusantar su, su ma da iyaka, sai dai in kifin ne ya ga dama ya zo da kansa kuma suna zuwa ɗin, suna da son ganin ƙwaƙwaf. Ka zaɓi fitar safe, teku ta fi kwanciya. Ka tambaye su tun kafin ka biya, in an fasa fita saboda iska kuɗinka za a mayar ko rana za a sauya, shi ya sa bai kamata ka ware wa garin yini ɗaya tak ba, ka kwana biyu ko uku.

Maganar jiri kuma kar ka yi taurin kai ka ce ai ka saba shiga kwalekwale a kogi, wannan daban ne. Ka shiga kemis ka sayi maganin jirin tafiya ka sha tun kafin a tashi yadda aka rubuta a kwalin, ka ci abu kaɗan mara maiƙo, a cikin jirgi ka zauna a waje inda iska ke bugunka ka riƙa kallon can inda sama ta haɗu da ruwa. Masu juna biyu da masu ƙananan yara su fara tambayar kamfanin ko ana ɗaukarsu. Waya a sa mata igiya a wuya, kuma bidiyo ya fi hoto, kafin ka danna ya nutse.

Wajen ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba ake bikin kifin na shekara-shekara, garin cika yake yi maƙil, masauki ya yi tsada. In ba ka son cunkoso ka zo tsakiyar mako a Oktoba, ko ka zagaya ɗaya gefen gaɓar zuwa De Kelders kusa da Gansbaai, kamar minti 40 a mota, can ma suna matsowa dab da duwatsu kuma mutane ba su kai na Hermanus yawa ba.