Yadda za ka yi atisayen ƙwallon ƙafa na tebur kai kaɗai, ka fara da hannun hagu

Kusan duk sabon ɗan wasan da na gani a bakin teburin nan, ciwonsa ɗaya ne: bugu yake so ya koya. Ya kama sandar gaba, ya zabga wa ƙwallo duka, ƙarfe ya yi ƙara, abokai su yi ihu. Ranar da ya gamu da wanda ya iya, sai a tashi wasa biyar da nema, bai samu ƙwallon a sandar gaba ko sau uku ba. Wasan da nake nufi shi ne wanda Faransawa da 'yan uwanmu na Nijar ke kira bebifut, Amurkawa su ce fusbol, mai sanduna takwas, huɗu naka huɗu na abokin karawa. Ba ƙwallon tebur na faranti ba.

Da farko gyara teburin. Ɗora ƙwallo a tsakiyar fili ka sake ta. In ta gangara, saka kwali ko ɗan katako a ƙarƙashin ƙafar da ta yi ƙasa har ƙwallon ta tsaya cak. Wanda ya yi atisaye a karkataccen tebur, hannunsa karkatar zai haddace. Goge sandunan da tsumma, ka ɗiga musu man silikon kaɗan. Kada ka sa man inji ko man girki, ƙura suke kamawa, lokacin hunturu kuwa kwana biyu ya isa sandar ta yi danƙo.

Kayan atisayen da ake sayarwa a waje, irin makullan riƙe sanda, suna da kyau, amma kuɗin kawo su ya fi amfaninsu. Abin da nake aiki da shi: tsohuwar robar cikin tayar keke da aka yanka zare-zare, kwali, salatif, alli, ƙwallaye biyar zuwa goma iri ɗaya, da waya. Inda za ka kashe kuɗi shi ne ƙwallo. Robar nan mai santsi da ke zuwa da tebur mai araha ba ta dannuwa, tana zillewa kamar sabulu. Nemi mai ɗan kaushi. Mariƙin sanda kuma ka naɗe shi da ƙyallen da 'yan tanis ke naɗa wa nasu, ko da robar keken nan, don gumi.

Kafin ka taɓa ƙwallo, rabu da wulwula sanda. Hukumar wasan ta duniya, ITSF, wadda aka kafa a 2002 kuma take da mazauni a birnin Nant na Faransa, ta haramta ɗan wasan da ke jikin sanda ya juya fiye da zagaye ɗaya cikakke kafin ya bugi ƙwallo ko bayan ya buge ta. Ko ba doka, mai wulwulawa bai san inda ƙwallonsa za ta ba. Riƙe mariƙin sakwa-sakwa, kamar ka riƙe ɗanyen ƙwai. In ka ga jijiyoyin bayan hannunka sun tashi, ka matse da yawa.

Atisaye na farko shi ne tik-tak. Ɗage 'yan wasan ɗaya ɓangaren sama, ka ɗaure sandunansu da roba a haka don fili ya zama naka. A sandar biyar, wato ta tsakiya mai 'yan wasa biyar, wadda hannun hagu ke riƙe da ita, riƙa miƙa ƙwallo daga gefen ƙafar wannan zuwa gefen ƙafar na kusa da shi, ta je ta dawo. Ƙirga. Ta kuɓuce, koma ɗaya. Kada ka ƙara sauri sai ka yi 50 a jere. Daga nan ka bi da ita daga bango zuwa bango, ta ratsa duka biyar ɗin ta dawo. Minti biyar kullum, sannan ka yi irinsa a sandar uku, wato ta gaba mai 'yan wasa uku, da hannun dama.

Yanzu ga wurin da na daɗe ina shan wahala, kuma shi ne dalilin wannan rubutu: fasin daga sandar biyar zuwa sandar uku. Na yi watanni ina gyara buguna, har ya yi kyau. Sai wata rana wani bawan Allah da ya girme ni ya tsaya a ɗaya gefen. Bugunsa ba wani abin a zo a gani ba ne, amma duk ƙwallon da aka saka a tsakiya, shi ke wucewa da ita. Ni kuwa in na samu, sai in tura ta da ƙarfi, ko ta daki 'yan tsakiyarsa ta dawo, ko ta wuce ta bugi ƙafar ɗan gabana ta yi tsalle ta tafi wajen golansa. Da muka gama ya kama hannun haguna ya jijjiga, ya ce, "Ƙanena, wannan hannun ka bari a baya." Abin ya yi mini zafi, amma gaskiya ya faɗa.

Ka san dokar tukuna, don kada ka horar da hannunka a kan laifi. Daƙiƙa 10 kawai gare ka a sandar biyar, 15 a sandar uku. Sannan ba a tsayar da ƙwallo cak ko a danne ta a sandar biyar a tura ta kai tsaye ga sandar uku. Sai tana motsi, kuma ta taɓa 'yan wasa biyu. Saboda haka ɗan wasa na biyu daga bangon da ke kusa da kai shi zai ɗan tura ta a hankali, na farko, wanda ke dab da bango, shi zai ba da fasin.

Hanya biyu ce gare ka. Ko ta bi jikin bango, ko ta bi lungun da ke tsakanin ɗan wasan abokin karawa na farko da na biyu. Abokin karawa ba zai iya toshe duka biyun a lokaci ɗaya ba, wasan ke nan gaba ɗayansa. Ɗaure sandar biyar ɗinsa da roba, ƙafafu a ƙasa, ka bar rata a jikin bango daidai faɗin ƙwallo da ɗan ƙari. Yi ɗigo da alli inda kake so ƙwallon ta kasance lokacin da za ka sake ta, kamar yatsa biyu daga bango, kuma ɗan baya kaɗan da sandarka. Wannan "ɗan baya" shi ne sirrin. In ƙwallon tana gaban sanda, dukanta za ka yi. In tana ɗan baya, ƙafar ɗan wasan za ta ɗan matse ta da ƙasa, sai ka shafe ta kamar mai shara da tsintsiya: ka turo ƙafar gaba kana jan sandar zuwa wajenka, ƙwallon ta tafi a karkace ta manne da bango. In lungu kake so, shafar iri ɗaya ce, sai dai tura sandar za ka yi gaba da kai.

Rabin aikin ke nan. Ɗaya rabin, wanda ya fi cin raina, shi ne tarba. Sabon ɗan wasa yana barin ƙafafun 'yan gabansa a miƙe tsaye, ƙwallo ta zo ta daki dunduniya ta koma. Karkatar da ƙafafun su kalli ragar abokin karawa, yadda ƙwallon da ta taho daga baya za ta shige ƙarƙashinsu ta maƙale. Hannun dama ya yi laushi, ya ɗan bi ƙwallon gaba lokacin da ta iso, kamar mai cafe mangwaron da aka jefo daga bisa. In ka karkatar da yawa za ta wuce ta ƙasa, in ka rage za ta yi tsalle. Kusurwar da ta dace a teburinka hannunka ne zai gano ta, kuma ba ya gano ta a fasin goma. Don fasin bango, jawo sandar uku har ta ƙure a jikin bangon tun kafin ka saki ƙwallo. Da yawa sai ƙwallo ta taho suke ja, shi ya sa take sulalewa ta bayansu.

Yi 50 ta bango, ka rubuta nawa ka tarba. Wadda ta wuce ba ka riƙe ta ba, ba ta shiga lissafi. Matsar da sandar da ka ɗaure ta manne da bango, ka yi 50 ta lungu. Ni sai na ga 40 cikin 50 kwana uku a jere nake rage ratar. Saita agogon waya ya yi ƙara duk daƙiƙa 10, don jikinka ya san tsawon lokacin, domin mafi yawan masu koyo a daƙiƙa ta biyu suke jefar da ƙwallo saboda tsoro, alhali suna da sauran takwas.

Sai waya. Jingina ta a ƙarshen teburin, ka ɗauki bidiyon hannunka da kafaɗarka, ka kalla a hankali. Abin da na gani a nawa ya ba ni mamaki: duk sanda zan bi bango sai kafaɗata ta ɗan sauka, zan bi lungu kuwa ba ta motsi. Wato ina sanar da mutum kafin in yi. Burinka shi ne fasin biyun su fara da motsi iri ɗaya sak, har zuwa ƙiftawar ƙarshe. Nemi bidiyon wasannin Frédéric Collignon, ɗan Beljiyam da ya lashe kambun duniya sau da dama, ka bar kallon ragar, ka zuba wa sandar biyar ɗinsa ido.

Wani abu da ya kamata ka sani: teburan ba ɗaya ba ne. Bonzini na Faransa 'yan wasansa ƙarfe ne masu nauyi, filinsa na kama ƙwallo, shi ya sa masu wasa a kansa suka fi son danne ta. Tornado na Amurka 'yan wasansa roba ne, kuma uku ne a sandar gola. Garlando na Italiya filinsa gilashi ne, ƙwallo na gudu. In ka sauya tebur, ba wa hannunka minti goma na tarba kafin ka shiga wasa.

Bugu kuwa, zaɓi guda ɗaya tak ka zauna a kansa wata uku. Ni bugun ja nake ba kowa shawara. Tura sandar uku can nesa da kai, ƙwallo a gefen ɗan wasan tsakiya ta ɓangarenka, ka jawo ta da sauri, ƙafar ta zagaya bayanta, ka buga da wuyan hannu, ka ɗan mayar da sandar baya a ƙarshe don ƙwallon ta tafi a miƙe. Toshe ragar da kwali da salatif ka bar ƙofa ɗaya a kusurwar da ke kusa da kai. Buga 30. Mayar da ƙofar tsakiya, 30, sannan ɗaya kusurwar. Bayan mako biyu cire kwalin, ka ɗaure golan abokin karawa da 'yan bayansa a wurare daban-daban. Bugun maciji, wanda ake danne ƙwallo a ɗora mariƙi a wuyan hannu a mirgino shi, yana da saurin koyo, amma a tebur mai santsi ɓata lokaci ne.

Tsaron gida ba ya koyuwa kai kaɗai. Samu aboki ya buga maka 20, ku sauya. Gola da ɗaya daga 'yan baya su riƙa tafiya tare, kada ɗaya ya ɓoye a bayan ɗaya, ratar da ke tsakaninsu kada ta kai faɗin ƙwallo.

Jimilla minti 40: biyar tik-tak, 20 fasin da tarba, 15 bugu. Ranar da lokaci ya ƙure maka, yanke na bugun, ka bar na hannun hagu yadda yake.