Yadda ake ɗaukar hoton hutun Disamba da waya a Legas, a gyara shi ba a ɓata fuska ba

Disamba ta shigo, yara suna gida, baƙi sun sauko daga Kano da Katsina, kusan kowace Asabar akwai biki daga Agege har Idi-Araba. Kowa waya a hannu amma ka duba hotunan da ake turowa a gurup ɗin dangi, rabi duhu, rabi kuma an wanke fuska da filta har uwar yarinya sai ta tambaya wacece wannan. Wallahi abin yana ci min rai, don hotunan nan su jikoki za su gani.

Fara da goge gilashin kyamarar da gefen riga mai laushi. Garin nan zufa da laima ne, in kuma daga mota mai AC ka fito gilashin yakan yi raɓa, ba shi minti 2 ya bushe.

Sai lokaci, wanda shi ne rabin aikin. Rana tana faɗuwa wajen 6:30 a Disamba, to da la'asar sakaliya, tsakanin 5:00 da 6:00, nan ne haske yake laushi ya kwanta a fuska kamar an shafa mai, in an ci sa'a akwai ɗan hazon hunturu ma ya fi. Tsakar rana kuwa ido ya zurma cikin inuwa, kowa ya yamutse fuska. In dole ne ka kai su inuwar baranda, su fuskanci waje, kai ka juya wa hasken baya.

Farar shadda ita ke yaudarar waya. Ka taɓa fuskar mutum a sikirin, alamar rana za ta fito, ja ta ƙasa kaɗan har ka ga aikin wuyan babbar riga ya fito zare-zare. Hoton da ya ɗan yi duhu ana ceto shi, wanda fari ya ƙone kuwa ya tafi kenan. Kar ka jawo hoto da yatsu biyu, taka ka matsa kusa, in yara ne durƙusa daidai idonsu.

Da dare in kun je kallon fitilun Kirsimeti na titin Ajose Adeogun a Victoria Island, kashe filasha, jingina gwiwar hannu da mota, kowa ya tsaya cak sakan 3. Ka riƙe wayar gam saboda masu fizge, kuma dan Allah kar ka ɗauki matar mutane ko ɗan wani ba ka nemi izini ba.

Gyara kuma ni Snapseed nake amfani da shi, manhajar gyaran hoto ce a waya, kyauta ne. Miƙe hoton tukuna, yanke abin da ba ka so, ka rage hasken wuraren fari, ka ɗan ɗaga inuwa, ka goge wayar lantarki ko ledar fiya wata da Healing, abin share tabo da ke cikin manhajar. Fata kuwa ka bar ta yadda Allah ya yi ta. Bara na ɗauki Inna a tsakar gida tana ɗaura wa jikarta ɗankwali, lalle ja a tafin hannu, zanen gado biyu-biyu a kumatu, wani yaron gidanmu ya karɓa ya sa filtar nan mai sulɓe fuska, zanen ya ɓace gaba ɗaya. Da ta gani cewa ta yi, “ɗan nan, ina ka kai min fuskata?” Allah ya so ban goge na asali ba.

In wasa kake so ka yi shi a kan gari. Ɗauki danfo, motar hayar nan mai ruwan ɗorawa, a gosulo, mai da hoton baƙi da fari, shiga jerin gyare-gyaren da ka yi ka share gyaran daga jikin motar da burushi, sai ruwan ɗorawar nan kaɗai ya rage yana walƙiya.

Wajen turawa a WhatsApp danna HD, ko ka tura shi a matsayin dokumen in za a kai a wanke a sa a firem, in ba haka ba matse shi zai yi duk wahalarka ta bi ruwa.